Inci Uku a Kayan Hajara

Shekara ashirin da biyu ke nan ina taka keken ɗinki a shagona na Gyaɗi-Gyaɗi a Kano, kuma duk amaryar da na ɗinka wa kayan lefe sai na bar mata rara. Inci uku nake naɗewa ta ciki, a ƙirji da ƙugu, domin kowa ya sani amarya ba ta wata huɗu a ɗakinta ba ta ciko ba. Ranar da riga ta matse ta sai ta kawo, in sa reza in farke, in buɗe mata. Haka wadda ta koya mini ɗinki take yi, haka nake yi. Ban taɓa tambayar wata ko tana so ba.

Hajara 'yar wani ƙauye ce a bayan Bunkure. Tana da shekara sha biyar aka kawo ta Tarauni wajen goggonta, ta riƙa taya ta suyar awara a ƙofar gida. A bakin kaskon nan Mu'azu ya gan ta. Shi ma ɗan garinsu ne, Adaidaita Sahu yake ja, yana haya a Darmanawa. Shekara biyar ke nan da goggon ta kawo mini ita awon kayan lefe. Na zagaya tef a ƙirjinta, na duba lamba, na sake dubawa.

Na ce, “Ke 'yar nan, ina sauran naki? A gida kika baro shi?”

Shago ya kwashe da dariya. Ita ma ta yi, tana rufe baki da gefen hijabi. Ta saba. A gidansu Tsinke ake ce mata, a makarantar allo Sillan Kara, a Tarauni kuma 'Yar Firit. Na ce kada ta damu, na ajiye mata inci uku a kowace riga, in Mu'azu ya iya kiwo ta dawo ta karɓa.

Ni Asabe bakina ba ya da linzami, na sani. Amma ba ni na ƙirƙiro maganar ba. A wajenmu in aka ce mace ta yi ƙiba, yabo ne: ta murje, ta yi ɓul-ɓul, hutu ya karɓe ta, ta zama babbar mace. In kuwa aka ce ta rame, to tambaya na biye: lafiya dai ko? Me yake damunki? Maigidan yana nan kuwa? Ni da kuke gani, ɗan Adaidaita in ya hango ni sai ya ce, “Hajiya, wurin mutum biyu ne fa.” A bayan idona lukuta suke ce mini, amma ba wanda ya taɓa zargin mijina da rowa. 'Yan matan yanzu masu cewa suna dayat don rage ƙiba ma, in sun zo awo sai ka ji suna roƙo a ɗan cika musu nan da can, wai kada a ce ba su da diri.

Shekara ta zagayo, Hajara ba ta kawo riga ko ɗaya ba. Ta haifi 'yarta Rabi, ta tafi gida wankan jego. Kwana arba'in ana ɗura mata kunun kanwa da gasasshen nama, ta dawo Kano yadda ta tafi, ƙashin wuyanta a waje. Duk Sallah in ta kawo ɗinki sai na ce, “Har yanzu fa incina uku suna nan suna jiranki.” Sai ta yi murmushi ta ce, “Inna, suna nan.”

Abin da ban sani ba sai daga baya shi ne abin da ya faru wata Sallah da suka je gida. Mahaifiyarta, Ladi, ta dubi Mu'azu a gaban mutane ta ce, “Ko dai ku a Kano ba a ɗora tukunya ne?” Da wasa ta faɗa, aka yi dariya, shi bai yi ba. Tun daga ranar, in ya tashi aiki sai ya biya ya sayo fura da nono, ko balangu, ya ajiye wa Hajara, ya zauna yana kallonta har ta cinye. Ba ya faɗa, ba ya tsawa, kallo kawai.

Ta taɓa ce mini, “Wallahi Inna ina ci. Har hawaye nake ina turawa. Ba ya zama ne a jikina. Ni ba sunan da ake kirana ne ya dame ni ba, shi nake ji. Mutum yana yini a rana yana nema, a ce yana bari na da yunwa.”

Na ce mata ta ƙara da madara da gyaɗa. Iyakar hankalina ke nan a lokacin.

Bara aka sa bikin ƙanwar Mu'azu, bayan Babbar Sallah, kuma duk dangi za su hallara a ƙauye. Saura wata biyu sai ga Hajara da jakar bakko cike da kayan lefenta. Da ta ɗaga hijabi sai da na rangaɗa guɗa. Kumatu sun fito, wuya ya cike, ƙashin nan ya ɓace. Matan da ke shagon suka yi ca: masha Allah, kin yi kyau, yanzu kika cika ido, Mu'azu ya fita kunya. Riga goma sha ɗaya na farke a yini biyu, ina farkewa ina waƙa. Ko sau ɗaya ban tambayi kaina yadda jikin da ya ƙi kunun kanwa ya amsa yanzu ba.

Bayan sati biyar ta dawo da atamfar anko, ta ce kuma rigunan sun sake matse ta. A nan ne na tsaya na dube ta da kyau. Mu teloli jiki muke karantawa yini guda, kuma wannan ƙibar ban gane mata ba. Fuska ta yi zagaye kamar faranti, ciki ya turo, amma hannu da ƙafa suna nan sirara, har sun fi da. A bayan wuyanta wani tudu ya taso wanda ya hana wuyan riga zama. Kafin in gama awo ta shanye ledar ruwa uku. Na ja ta bayan labule na ɗaga rigarta. Gefen cikinta duk wasu layuka ne ja-ja masu duhu, kamar an zane ta da bulala. Inda na ɗan matsa tef kuwa har ya yi shaida.

Na ce, “Ciki ne?”

Ta girgiza kai.

“To mene ne? Hajara, kalle ni. Me kike sha?”

Ta yi tsuru-tsuru, sannan ta buɗe jaka ta fito da wata leda mai 'yan ƙananan ƙwayoyi farare. Sha ka fashe. Na sha jin sunan a bakin mata, ban taɓa riƙe shi ba sai ranar. Wata mai gyaran jiki a layinsu ce take ba ta. Biyu da safe, biyu da yamma, wata biyar ke nan, kuma Mu'azu bai sani ba.

Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni, ni kuwa in na tsorata faɗa nake yi. Na fisge ledar, na fita ƙofar shago na zazzage ta a kwata. Waɗanda suka faɗi a ƙasa na bi su da takalmi na murƙushe.

Ta biyo ni tana kuka ƙasa-ƙasa. “Inna, don Allah. Saura sati uku bikin. Ki bar ni in je su gan ni sau ɗaya, in na dawo wallahi na daina.”

Na ce, “Su gan ki a ina, a makara? Yau za ki daina, ba gobe ba. Rantse mini. In ba haka ba yanzu na kira Mu'azu.”

Ta rantse. Hajara kuwa in ta rantse an gama. Ta ɗauki jakarta ta tafi, ni kuma na koma kan keke ina jin na ceci rai.

Kwana biyu bayan nan, da hantsi, Gloria ta zo karɓar kayanta na zumuntar mata. Nas ce, 'yar Kudancin Kaduna, tana zaune a Daurawa, shekara goma ina mata ɗinki. Ina ninke mata kaya ina ba ta labari, har da kwatanta yadda na murƙushe ƙwayoyin. Sai na ga ta ajiye ledar hannunta.

Ta ce, “Wata nawa ta yi tana sha?”

“Biyar.”

“Kika ce ta daina rana ɗaya? Mama Asabe! In dai irin wanda na sani ne, ba a yanke shi haka. Jiki ya saba da shi, ya daina yin nasa aikin. Likita ne yake janye shi kaɗan-kaɗan. Mutum yana iya mutuwa. Ina take?”

Innalillahi. Na kira wayar Hajara sau huɗu tana ta ƙara ba a ɗauka. Ko rufe shago ban yi ba, maƙwabciyata na ce wa ta duba mini. Muka tare Adaidaita. Daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Darmanawa ba wata tafiya ba ce, amma ranar kowace mota a Kano sai da ta sha gabanmu. Ina ta ce wa direba ya yi sauri, Gloria tana ce mini in yi shiru in yi addu'a. Addu'ar ma ta ƙi haɗuwa a bakina. Abin da nake ji a kunnena kawai shi ne muryata ina cewa rantse mini.

Mun same ta kwance a kan tabarma a tsakar ɗaki, Rabi na zaune kusa da kanta tana wasa da murfin kwano. Tun jiya take amai, in ji matar da suke haya tare. Sun ɗauka zazzaɓi ne, Mu'azu ya sayo mata magani ya fita aiki. Na taɓa hannunta, sanyi ƙalau, ga gumi. Na kira sunanta, ta buɗe ido da ƙyar.

Ta ce, “Inna, ban sha ba.”

Gloria ta riƙe wuyan hannunta ta daɗe tana lalube, fuskarta ba ta gaya mini abin da nake so ba. Mu uku muka ɗauke ta zuwa Adaidaita.

A barandar asibiti Mu'azu ya same mu, ko makullin mashin bai cire daga yatsa ba. Ni na gaya masa komai, har da kwatar. Na zaci zai zage ni, kuma da ya zaga da na ji sauƙi. Sai ya zauna a ƙasa ya dafe kai.

Ya ce, “Ni na ce ta yi ƙiba? A haka na gan ta, Inna. Sati uku ina sayen awarar da ba na ci don in tsaya kusa da ita.” Can ya ce, “Amma kullum ina zaune ina kallonta tana ci.”

Ni ma shekara huɗu na yi ina tambayarta incina.

Maganin da na zubar a kwata, irinsa likitoci suka mayar mata ta allura, sannan suka riƙa ragewa a hankali har tsawon watanni. Da ta farfaɗo aka ce sukarinta ya hau, sai an riƙa dubawa. Kwananta tara a kwance, bikin kuma ba ta je ba. A kwana na huɗu Ladi ta zo daga ƙauye. Ta tsaya a kan gadon ta dubi kumburarriyar fuskar 'yarta, ta share hawaye ta ce, “Allah sarki, ashe har ta yi kyau haka, ciwo ya zo zai mayar da ita baya.” Na buɗe baki, Hajara ta kalle ni, na rufe.

Har yau hankalina bai kwanta ba. Duk wata tana komawa asibiti, kuma ba wanda ya ce mana sukarin zai sauka ko ya zauna ke nan. In wayata ta yi ƙara na ga sunan Mu'azu, sai na yi salati kafin in ɗauka.

Satin da ya wuce ta shigo shago da jakar bakkon nan. Kumburin ya saɓe, ƙashin wuyan ya dawo. Wata mai jiran ɗinki ta fara cewa, “Ayya, Hajara, kin ra...” Na daka mata harara, ta haɗiye sauran. Na auna ta: lambobinta na ranar farko, ba ƙari. Na ɗauki rigar farko na juya ta, na kama gefen zan naɗe rarar ta ciki yadda hannuna ya saba. Sai ta ɗora tafinta a kan yadin.

Ta ce, “Inna, kada ki naɗe. Yanke shi.”

Na ce, “Leshi ne fa mai tsada. In an yanke ba ya dawowa.”

“Na sani.”

Na ɗauki almakashi. Ta ja kujera ta zauna kusa da keke, Rabi a cinyarta, ba ta tashi ba sai da ta ga na yanke na riga ta goma sha ɗaya.