Ranar da Aka Sako Ruwan Asabar

Shekarun baya da nisa, cikin shekarun tamanin, ina saurayi ina tuƙin tarakta a Kura. Daga wani ƙauye na Filato muka zo, ni da abokina da muka taso tare. Ranar tahowarmu mahaifiyarsa ta riƙe hannuna a tasha ta ce, "Ɗana, ga ɗan'uwanka nan. Ka kula min da shi, kuma ka tsaya a yi masa baftisma, tun da ya ƙi yarda a yi masa a gida." Na ce, "Mama, ki kwantar da hankalinki."

Mu Kiristocin wajen ba mu da yawa, kuma a warwatse muke, wasu a gonaki, wasu a kasuwa. Matasa sai su leƙo majami'a ranar Lahadi su gudu, ko sunan juna ba su sani ba. Ni ne sakataren zumuntar matasa, kullum da jakar takardu a hammata kamar wani babban ma'aikaci, alhali ajanda ɗaya ce a ciki. Ni na kawo shawarar mu keɓe kwana uku kafin Ista, mu yi addu'a da nazarin Littafi Mai Tsarki, mu ci abinci a kwano ɗaya.

Wani dattijo Musulmi da nake yi wa huɗa a wajen Bunkure ya ara mana rumfarsa da inuwar mangwaro a gefen gonar tumatir ɗinsa. Dab da wajen akwai kanal, wato hanyar ruwan noman rani da aka yi da siminti. Taro ya yi daɗi ƙwarai. Ranar Juma'a da yamma abokina ya miƙe a gaban kowa ya ce ya shirya a yi masa baftisma. Murna ta kusa kashe ni.

Fastonmu ya ce a bari sai Lahadi, a yi a kwarmin ruwan baftisma na majami'a. Ni kuwa na kafe, ina tsoron kada abokina ya canja ra'ayi. Na ce ga ruwa mai gudu a gabanmu, iyakarsa gwiwa, me za mu jira?

Dattijon ya ji zancen, ya kira ni gefe. "Yaro, wannan ba rafi ba ne. Gobe Asabar ce ranar ruwanmu, da hantsi ake sakowa. Gefen nan kuma duk gansakuka ne, wanda ya shiga ba ya iya hawowa."

Na yi dariya na ce, "Baba, mu a rafi muka girma. Da sassafe za mu gama." Ya kalle ni ya koma gonarsa. Ban gaya wa fasto wannan maganar ba.

Da sassafen ba mu gama ba. Waƙa ta ja, wa'azi ya ja, ni ma na tsaya karanta sanarwa. Rana ta ɗaga kafin fasto da abokina su sauka cikin kanal, mu muna sama muna tafi. Fasto ya dafa kan abokina ya fara, "Ina yi maka baftisma cikin sunan Uba," sai na ga shara da karare suna tahowa a kan ruwa. Kafin in buɗe baki ruwa ya tashi daga gwiwa zuwa ƙirji, ya kwashe ƙafafunsu. Wata 'yar'uwa ta jefa zaninta fasto ya kama, muka ja shi. Abokina ya yi ta kai hannu ga simintin, hannun yana zamewa. Na bi shi da gudu ta bakin kanal ina kiran sunansa, har inda ruwan yake shiga bututu ta ƙarƙashin hanya.

Dattijon ne ya hau keke ya je wajen mai buɗe ruwa aka rufe. Manoman da suka jira ruwan nan mako guda, tumatir ɗinsu yana yaushi, suka ajiye fartanya suka shiga nema, babu wanda ya yi ƙorafi. Bayan azahar suka fito da shi. Dattijon ya tuɓe rigarsa ya rufe shi, kuma ko sau ɗaya bai ce min ai ya gaya min ba. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Ni na raka gawar gida. Na zaci mahaifiyarsa za ta tambaye ni yadda aka yi na bar ɗanta ya mutu. Sai ta riƙe hannuna kamar ranar tasha, ta ce, "An yi masa baftismar?"

Na ce, "An yi, Mama."

Ta ce, "To, na gode maka, ɗana."

Zumuntar nan ba ta watse ba. Bayan jana'iza ne ma muka zama 'yan'uwa na gaske, abin da na nema da jakata ban samu ba. Amma ban sake tsayawa a gaba na jagoranci komai ba, kuma duk garin da na sauka, in ɗan gari ya ja ni gefe, shiru nake yi in saurara. Maman ta rasu tana sa min albarka. Ni kuwa na tsufa, na tambayi fastoci da dama ko baftismar da ba a ƙarasa ba ta karɓu, kowa da amsarsa, kuma har yau ban san ko gaskiya na gaya mata ba.