Shafin da Muntaka Bai Yi wa Hamma Ba

Muntaka yana gwada wa wata mata makulli a jikin kwaɗo, a shagonsa na babbar kasuwa, Grand Marché, sai wayarsa ta yi ƙara. Hamdiyya ce, 'yar amininsa Alamin.

"Baba Muntaka, Baba ya cika."

Ta ce ya karya kumallo lafiya lau, ya zauna zai sha shayi, kofin bai kai bakinsa ba. Muntaka ya yi salati, ya miƙa wa matar kwaɗon, ya jefa makullin a aljihunsa ya fita. Sai da ta biyo shi har bakin titi tana kiran, "Alhaji, makullina!" Ya ba ta, ya tare kilando zuwa Gardolé. A kan babur ɗin ne ya tuna da kayen nan, littafin rubutu mai shuɗin bango, irin na 'yan lakwal, wato 'yan boko, wanda Alamin ya ɓoye a shagon, a ƙarƙashin kwalin ƙusoshi shekaranjiya.

Tare suka tashi, tare suka sha bulala a makarantar allo. Alamin ya wuce har lise, babbar sakandare, Muntaka ya yi aji uku ya ce kansa ya cika. Alamin ya shekara talatin yana tafinta a wani ofis, daga Faransanci zuwa Larabci, kuma tun kafin ya bar aikin yake cewa ya gaji da fassara ƙaryar masu rai, gara ya koma wa gaskiyar matattu.

Matattun nan kuwa suna nan birjik a Gardolé da Bololo. Kakannin mutanen unguwar sun taso daga ƙasar Hausa a ƙafa za su Makka, wasu suka yada zango a bakin kogin Shari, zangon ya zama gida. Sun bar littattafan hannu na tsohon Larabci a kan haƙuri da tuba da gyaran zuciya, a cikin gafaka, gara tana karatunsu a madadin jikoki. Jikokin suna karanta Faransanci, suna faɗa da Larabcin titi, Hausa kuwa sai in za a nemi abinci. Alamin ya dinga bi gida gida yana aron littattafan, yana mai da su Hausar boko. Guda goma sha ɗaya ya fitar, duk na fotokofi, daga baya Hamdiyya ta riƙa bugawa a ordinata, wato kwamfuta, tana tura wa mutane ta waya.

Yadda yake aikin ne ya ɓata wa malaman unguwa rai. Kowace Talata da Alhamis yakan zo shagon Muntaka, ya zauna a kan bokiti, ya karanta masa abin da ya fassara. Dokar ɗaya ce. In Muntaka ya yi hamma, shafin ya mutu, a yage a sake.

"Kai ne ma'aunina," in ji Alamin. "In maganar ta shiga wannan kan naka, babu dutsen da ba za ta shiga ba."

"Ka ci gaba da zagi, ustazu. Yanzun nan zan buɗe baki."

"Rufe shi, don Allah, kwana huɗu na yi a kan shafin nan."

Akwai shafin da aka yaga sau tara. Akwai ranar da Muntaka ya yi hammar don yunwa kawai, ya rantse, Alamin ya ce doka doka ce. Wani malami ya taɓa tsare Alamin a ƙofar masallaci ya ce ya mai da zancen bayin Allah hirar mai kwaɗo. Alamin ya ce, "Allah ya gafarta malam, ai don masu kwaɗon suka rubuta. Ku kun riga kun shiryu."

Littafin gidansu ya bari na ƙarshe, don yayarsa Hajiya Sakinatu ce ke riƙe da shi. Na kakansu ne, Malam Inusa. Ba wanda ya taɓa karanta shi, saboda rubutun kamar kaza ta taka tawada ta yi yawo. Amma ana ɗora gafakar a kan mai zazzaɓi, ana sa ta kusa da mai naƙuda. Kowa a gidan ya san tarihin: Malam Inusa ya tsaya a nan ne domin an umarce shi a mafarki ya zauna ya karantar.

Da ƙyar ta ba shi. Ganye arba'in a kan yadda zuciya ke jan mutum kamar akuya ta ga dusa, da yadda ake riƙe igiyarta. Sai ganye biyu na ƙarshe, inda malam ya faɗi gaskiya. Babu mafarki. Ranar da ayarinsu ya sauka a bakin ruwa, ya ga wata yarinya tana suyar kifi, ya saya, ya koma ya sake saya. Da za a tashi ya ce wa abokan tafiya ƙafarsa ta kumbura, su yi gaba zai cim musu. Shekara talatin da ɗaya yana cewa bayan damina. Ya rubuta cewa yana neman gafarar Ubangijinsa a kan ƙaryar ƙafar, amma kifin, ya rasa yadda zai yi nadamarsa.

Mai suyar ita ce Kaka Indo, wadda Sakinatu ta sani tsohuwa tukuf da carbi a hannu. Da Alamin ya gaya mata, sai ta ɗaure fuska.

"Ka fitar da arba'in ɗin, ka bar biyun. Kalas. So kake a ce mu jikokin kwaɗayi ne?"

"Yaya, ai mu ɗin ne. Ke ba ki ga yadda kike yi da kan kifi ba?"

Ta karɓe gafakarta, ta ce za ta zo ta duba ɗakinsa da kanta. Shi ya sa kayen fassarar ya koma ƙarƙashin ƙusoshi.

An kai Alamin bayan azahar. Muntaka ya riƙe makara, ya ji ta ba nauyi, ya ce a ransa, duk surutun nan ashe ba ya da nauyi. A nan kukan ya ƙwace masa.

Ranar sadakar uku Hajiya Sakinatu ta aika a kira shi cikin gida. Idonta ya kumbura, muryarta kuwa tana nan yadda take.

"Muntaka, na birkice ɗakin yaron nan ban ga kayen ba. Yana wajenka."

Yaron da take nufi ya rasu yana da sittin da takwas.

"Yana wajena, Yaya."

"Ka kawo. Ganye biyu kawai zan cire, sauran ku yi ta rabawa har Kano."

Muntaka ya sunkuyar da kai. Matar nan ta goya shi a bayanta, gurasar da ake ce wa kisar, wadda ya ci a hannunta, ba ta ƙirguwa. Bai taɓa ce mata a'a ba.

"Yaya, ki gafarce ni. Jiya na kai wa Hamdiyya, ta buga duka."

Tun daga ranar, in ya gaishe ta sai ta amsa wa bango. Yana zuwa duk Juma'a ya gaida bangon, ya ajiye goro ya tafi.

Abin da bai iya yi mata bayani ba shi ne Talatar nan ta ƙarshe. Alamin ya zo da karkanji, wato zoɓo, mai sanyi a leda biyu, ya zauna a kan bokitinsa, ya karanta ganye biyun. Muntaka ya yi dariya har ya ture kwalin makullai. Da aka zo inda tsohon yake roƙon a yafe masa, yana cewa bai ga Ka'aba ba amma kullum yana fuskantarta daga inda zuciyarsa ta kayar da shi, sai dariyar ta ɗauke.

Alamin ya rufe kayen. "Ka ga dalili? In an cire biyun nan, arba'in ɗin wa'azi ne kawai. Da su ne za a san mai maganar shi ma akuyarsa ta taɓa tsinke igiya."

"In Yaya ta zo nema fa?"

"Ce mata ka kulle, makullin ya ɓata."

"Ni? Mai sayar da makulli?"

Alamin ya miƙe yana karkaɗe rigarsa, ya tura kayen ƙarƙashin ƙusoshi. Ya kai bakin shago, ya juyo.

"Tsaya ma tukuna. Ka yi hamma?"

"Ban yi ba."

"Ko 'yar ƙarama, ta cikin hanci?"

"Wallahi ban yi ba."

"To ba a yage shi. Shekara ashirin da shida kana kashe mini shafuka, wannan ka bar shi da ransa. Sai Alhamis, dutse."

"In za ka zo ka taho da kifi, jikan Indo."