Baba Lawali bai ga kan gulbinsa ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina cikin buɗe shago kira ya shigo da lambar Nijar. Na ɗauka da dariyata, na zaci Baba Lawali ne zai fara tsiyar da ya saba. Ashe ɗansa Sanusi ne. Ya ce Baba ya cika bayan sallar asuba.

Har yanzu ƙofar shagon rabi a buɗe take. Na kasa tashi daga kan benci.

Masu cin kasuwar Batsari sun san shi ko da ba su san sunansa ba. Dogon tsohon nan da ke zuwa daga ƙasar Maraɗi da buhunan albasa da zogale. Ni kayan injin ban-ruwa nake sayarwa, ta nan muka haɗu. Ranar farko ya sayi tiyo, ya naɗe shi a kafaɗa, ya ce to tiyo dai ya samu, saura mu sakar masa ruwan da zai bi ta ciki.

Tun daga ranar ban huta ba. Gulbin da ke wucewa ta wajenmu shi ke gangarawa garinsu, kuma dam ɗin da aka yi kusa da iyaka, wanda shi yake ce wa baraji, ni ya ɗora wa laifinsa kacokan. Kai ka ce ni na kwaɓa simintin. Idan na ce ruwan a ƙasarmu ya sauka, sai ya ce a sama ya taso, kuma sama ba ta da kwastan.

Ba kullum ne wasa ba. Akwai ranin da ruwa bai isa gare su ba, albasarsa ta ƙone a tsaye. Akwai kuma shekarar da aka saki ruwa ba su da labari, ya tafi masa da inji. Ranar da ya zo sayen wani bai tsokane ni ba, abin ya dame ni ƙwarai. Ina da ɗan'uwa mai kamun kifi a dam ɗin, sai muka shirya duk ranar da aka buɗe ƙofar ruwa ya gaya mani, ni kuma in kira Baba su kwashe kayansu daga cikin gulbi. Baba yakan ce manya su yi ta zamansu a kan tebur, mu mun gama namu a kan benci.

Lokacin da ɓarayin daji suka tashi ƙauyenmu, a gidansa mahaifiyata ta yi damina guda. Ko sau ɗaya bai taɓa ambata wannan ba. Bayan ta dawo ma, duk zuwansa da ƙullin zogalenta daban.

Abu ɗaya tak ya taɓa roƙona.

Ya ce kakanninsa mutanen yankinmu ne. Zamanin da Katsina ta koma ƙarƙashin tutar Sakkwato suka bar garinsu a wajen Runka, suka bi ruwa suka gangara, ba su sake dawowa ba sai dai da yaƙi. Kakansa ya kwatanta masa wurin: kufai mai ramukan marina, da wani tsagaggen dutse inda rafinsu ke fitowa kafin ya shiga gulbi. So yake in kai shi ya gani.

Kowace shekara amsata ɗaya ce. Baba, hanya ba kyau, a bari ta lafa. Kuma kun san ba ƙarya nake yi ba.

Zuwansa na ƙarshe, a kan bencin nan ya zauna. Ya rame, shayin da na sayo masa ma bai shanye ba. Ya ce, "Ɗana, tun ina yaro wutsiyar ruwan nan nake sha. Ka nuna mani kansa, ko daga kan babur ne." Na ce in sha Allahu bana. Ya yi murmushi ya ce ya ji.

Makon jiya na samu masu zuwa kwasar hatsi wajen Runka, na bi su a bayan a-kori-kura. Wani dattijo a Runka ya gane kwatancen, ya raka ni. Wallahi komai na nan yadda aka faɗa masa. Ramukan sun cike da ciyawa, dutsen na tsaye. Rafin kuwa, wanda muka shekara muna faɗa a kansa, akuya ma tsallake shi take yi. Na yi dariya ni kaɗai, na ɗauki bidiyo ina cewa Baba ga dukiyar taku.

Ban tura masa ba.

Na ce sai ya zo ranar kasuwa mu kalla tare, in ga fuskarsa, in rama tsiyar da ya daɗe yana yi mani. Ko a waya ban gaya masa na je ba. Sanusi ya ce jiya jiya Baba ya sa aka ɗaure masa buhuna, wai satin nan zai leƙo Batsari.

Bidiyon na nan cikin wayar da nake rubutu da ita. Na kasa buɗe shi. Jana'izar ma ba zan samu ba, kafin in kai iyaka sun kai shi makwanci. Zuciyata ta karye, ban san yadda zan gaya wa mahaifiyata ba.

Ya Allah Ka gafarta wa Baba Lawali, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka shayar da shi daga ƙoramun Aljanna. Ka ba iyalinsa haƙuri, Ka dawo mana da zaman lafiya a hanyoyinmu.

Duk wanda ya karanta wannan, ko a Najeriya yake ko a Nijar, don Allah ya tsaya ya yi masa addu'a.