Katanga ta Huɗu a Bayan Gidan Malam Iro

Ina ɗakin gwaji a Zariya, ina murƙushe bulon siminti a injin awo, direban motar Hunkuyi ya leƙo ya ce Malam Iro magini ya rasu jiya bayan la'asar. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na kashe injin, na bi motar.

Na san shi ne shekara biyu bayan samun 'yancin kai, lokacin da ofishinmu ya tura ni Hunkuyi neman yaɓen da zai kare ginin ƙasa daga ruwa, don a rage dogaro da siminti a makarantun karkara. Na je da littafi da girman kai. Ya zagaya da ni bayan gidansa. Gajerun katangu bakwai ne a jere, kowace da irin haɗin yaɓenta: wata makuba zalla, wato jiƙaƙƙen ɓawon ɗorawa, wata da katsin da ke kwanciya a ramin marina, wata har da gashin akuya. Ya bar su ruwa na dukansu.

"Malam Sule," in ji shi, "injinka yini ɗaya yake yanke hukunci. Ni damina nake tambaya, ita kuwa ba ta gaggawa."

Mutum ne mai tsanani a kan aiki. Na ga ya rushe zauren da ya kai rabi saboda ya murza ƙasar ya ji yashi ya yi yawa, mai gida na roƙonsa ya bari.

Duk lokacin da na nemi awon haɗin in rubuta, sai ya ce, "Me za ka yi da awon shidan da za su zube? Bari mu ga wadda ta tsaya." Na yarda, don a gaskiya hankalina na kan siminti. Sakacina ne, kuma yana cin raina.

Bayan gaisuwa na zagaya bayan gida. Damina biyar ta wuce. Shida sun zaizaye, ta huɗu na tsaye ko tsaga babu. Na tambayi babban ɗansa, Audu, abin da ke cikinta.

"Wallahi Malam, Baba shi kaɗai yake kwaɓawa. Ya ce kai zai gaya wa in ka zo da kakar bana."

Na ɓantaro guntu na zuba a aljihu. Injin zai faɗi ƙarfinsa, amma ba zai faɗi kwana nawa aka jiƙa makubar ba.

Allah Ya jiƙan Malam Iro, Ya haskaka kabarinsa, Ya yafe masa kurakuransa. Allah Ya ba Audu da ƙannensa da mahaifiyarsu haƙuri, Ya tsare musu gidan da ya gina. Amin.