Juma'o'in da Baffa Haladu ya ari muryar babana

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Baffa Haladu, ƙanin mahaifina. Masu karatu da suka manyanta za su tuna fuskarsa ko da ba su riƙe sunansa ba, domin bai taɓa fitowa a jarumi ba. Shi ne sarkin tasha mai tumbi, shi ne dillalin da ke rantsuwa a kan ƙarya, shi ne ɗan sandan da ke zuro hannu ta tagar mota. Mutanenmu na garin Silver Spring a Amurka kuwa sun san shi da shagonsa na daddawa da kuka da busasshen kifi da shadda, inda mutum zai shiga sayen barkono ya fito bayan awa guda cikinsa na ciwo don dariya. An sha roƙona in yi rubutu a kansa, ina nonnoƙewa. Wasansa mafi girma ba a ɗauke shi a kyamara ba, ni kaɗai na zauna kusa da shi yana yi, kuma na daɗe ban san ko abin faɗa ne ba.

Sai na fara da kakata, Inna. 'Ya'yanta uku ne: mahaifina Idrisu, ɗan fari, sai Goggo Asabe, sai Baffa. Lokacin da Baffa ke tashe a talabijin a Kaduna, ya fito a matsayin ɗan da ya kori uwarsa daga gida har ya watso mata kayanta waje. Laifinsa shi ne ya iya. Matan unguwarmu a Zariya suka riƙa shigowa suna yi wa Inna jaje, wasu da zuciya ɗaya, wasu don su ga idonta. Ta aika masa ya daina, ya ce sana'arsa ce. Sai ta rantse a gaban mutane ba za ta ƙara zaman hira da shi ba. Gaisuwa tana amsawa, tunda ba tsine masa ta yi ba, amma daga "lafiya lau" sai ta miƙa wa Goggo waya. Ya bar wasa, ya biyo wansa Amurka, ya yi gadi, ya tuƙa tasi, ya buɗe shago, rantsuwa tana nan inda take.

Mahaifina ma ba dogon zance yake samu ba, amma nasa dalilin daban ne. Ɗan fari ne, Inna kuma irin matan da ce masu alkunya. Ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai "wancan". Duk Juma'a da safe, kafin ya bar gidanmu na garin Clinton zuwa ofishinsu a unguwar Southwest, zai kira ta, lokacin a gida an sauko daga masallaci. Ya gaishe ta, ta amsa, ta sa albarka, shi ke nan. Ko ruwan shayi ba ya tafasa kafin a gama.

Mahaifina ya rasu ba zato, kuma a mummunan lokaci. Inna ba ta daɗe da samun shanyewar ɓarin jiki ba, idonta kuma ya riga ya tafi. Dangi suka yanke shawarar a ɓoye mata har ta ƙara ƙarfi. Aka yi zaman makoki a gidan mijin Goggo, aka ja kunnen duk mai shiga ɗakinta. Juma'a ta farko ta wuce, aka ce mata ya yi tafiya. Ta biyu ta zo, Inna ta ce, "Wancan bai kira ba," ta ture kwanon abinci, ta kwana biyu ba ta ci ba. Goggo ta kira Baffa tana kuka.

Ya ce in same shi a shago ranar Juma'a kafin ya buɗe, in zo da hular babana. Na same shi a ɗakin ajiya, tsakanin buhunan gero da kwalayen doya. Da ya gaya mini abin da yake nufi na miƙe tsaye.

"Baffa, wannan yaudara ce."

"Ke nas ce," in ji shi. "Gaya mini tsakaninki da Allah, in ta ji yau, za ta kai gobe?"

Na san jininta, na san magungunanta, ni nake aika su. Ban iya ce masa za ta kai ba.

Ya sa hular, ya zauna a kan kwali, ya ɗan karkata kafaɗar hagu yadda babana yake yi, ya yi gyaran murya sau biyu. Ya yi sallama a waya. Babana ne, wanda muka binne sati biyu da suka wuce. Aikina shi ne in zauna a gefe, in rubuta masa a jikin kwali duk abin da ya kamata ya sani, a ƙarshe kuma in ce, "Baba, ba ni in gaishe ta." Ranar farko da na faɗi haka na fita bayan shago na yi amai. Inna ta ci tuwo a ranar.

Baffa yakan ce murya ba a maƙogwaro take ba, a zaman mutum take da abin da yake ɓoyewa. Shi ya sa shagonsa ya zame masa makaranta. Zai auna wa mutum gari yana kallon yadda yake riƙe jaka, mutum na fita sai ya zama shi. Ya kwaikwayi fastoci da limamai da likitoci a gabansu, ba wanda ya taɓa fushi, don ba ya taɓa mutum a inda yake masa ciwo. Ni dai a watannin nan na daina yi masa dariya. Ina tsoron ya yi tuntuɓen harshe, ina tsoron wata maƙwabciya ta shiga ɗakin Inna ta yi suɓul da baka, ina kuma jin haushin yadda ya iya.

Kiran ya fara tsawo. Minti biyu ya zama goma, goma ya zama rabin awa. Inna ta fara tambayar abin da ya ci, ta fara ba shi labarin kaji da rigimar maƙwabta a kan magudanar ruwa. Wata Juma'a ya faɗi wani abu, sai muka ji ta tuntsire da dariya. Da ya ajiye waya zufa ta jiƙe masa riga, ga shi lokacin sanyi ne.

"Inna ta yi dariya," in ji shi.

"Ai abin da kake so ke nan. Wasa ya yi kyau."

Ya daɗe yana kallona. Ranar bai buɗe shago ba sai bayan azahar.

Wata rana kuma ta ce, "Ƙanin nan naka, yana cin abinci kuwa? Ka ce masa ya rage ɗaukar kaya, shi ba yaro ba ne." Muryarsa ba ta motsa ba. Ya ce, "Zan gaya masa, Inna." Da Sallah ta zo ya kira ta da muryarsa ta gaskiya, ta ce "lafiya lau", ta miƙa wa Goggo waya kamar kullum.

A wata na goma na kai maƙura. Na ce masa Inna ta ƙara ƙarfi, tana da haƙƙin ta yi wa ɗanta addu'a, kuma na gaji da kiran wani da sunan ubana. Na ƙara da maganar da har yau nake cizon yatsa a kanta: na ce shi ba don Inna yake yi ba, ya sami dandali ne. Bai musa ba. Ya cire hular, ya juya ta a hannu, ya ce in ba shi Juma'a huɗu. Uku ya samu. Ranar wata Laraba ya faɗi a bakin shago yana sauke kwalin doya, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga yau. Yanzu mutum bai gama cikawa ba hotonsa ya zagaye wayoyi da addu'a a ƙasa, uwa ta ji mutuwar ɗanta daga bakin jikar maƙwabta. Ɓoyon da muka yi wata goma sha ɗaya, yau ko yini ɗaya ba zai yi ba, kuma ban san ko ci gaba ne ba. Ɗana ya nuna mini wata manhaja da ke kwaikwayon muryar kowa. Na san da Baffa zai saurara da kyau, ya taɓe baki, ya tambaya ko na'urar tana zufa in ta gama.

Mun binne shi ranar Alhamis. Juma'a da safe na buɗe shagon da makullinsa, na shiga ɗakin ajiya ni kaɗai. Goggo ta roƙe ni in ce sun yi tafiya su biyu. Ta ce mutuwa biyu a zama ɗaya ba abin da tsohuwa za ta ɗauka ba ne, in wani abu ya faru a wuyana yake. Na san gaskiyarta. Amma babu sauran mai yin muryar, ba kuma zan bar Inna ta sake ture kwano tana jiran kira ba. Na sa aka ba ta maganinta, aka kira matar liman ta zauna kusa da ita, sannan na kira.

"Inna, ni ce."

"Na ji. Ina mai kiran?"

Na ce Baffa Haladu ya rasu shekaranjiya. Ta yi salati a hankali. Ina jin numfashinta, ina ƙirga shi yadda nake yi a wurin aiki. Na ce, "Inna, akwai wata maganar kuma."

"Bar ta," in ji ta. "Ni na goya su, ni na yaye su. Tun sallamar farko na san wanda ke magana. Ke yarinya, a ina kika taɓa ganin na zauna ina dariya da ɗan fari?"

Ta ce ranar da aka ce babana ya yi tafiya ta ji gidan ya yi shiru irin wanda ta sani, ta yi kukanta da addu'arta ba wanda ya gani. Na ce to me ya sa ba ta faɗa ba?

"Na rantse ba zan yi hira da Haladu ba. Ya zo mini da hular wansa, sai na karɓa." Ta ja numfashi. "Shi ma ya san na sani."

A nan na tuna zufar, da kallon da ya yi mini. Ni kaɗai ce a ɗakin nan ban san me ake yi ba, ni kuma na fi kowa ɗaga murya.

Shagon yanzu na wasu ne, suna gyaran waya a ciki. Kaset-kaset ɗin wasanninsa sun lalace, 'ya'yana ba su taɓa ganinsa a sarkin tasha ba. Abin da ya rage mini shi ne hular, da sanin cewa mutumin da na zarga da neman dandali ya sami Juma'a arba'in da wani abu yana hira da uwarsa, bai taɓa jin ta kira shi da sunansa a ciki ba, ya kuma haƙura da hakan. Ban nemi gafararsa ba, lokaci bai ba ni ba. Allah ya jiƙansa, ya yafe mana.

Inna ta ƙara shekara biyu a duniya. Amma a ranar, kafin ta ajiye waya, ta yi mini tambaya ɗaya, da sunan da ban taɓa ji a bakinta ba tun da aka haife ni.

"Kusa da Idrisu kuka sa shi?"

Na ce kusa da shi, Inna.