Raƙiya Mai Kamara da Amanar Kaset ɗin Mata

Ranar Laraba 12 ga watan Yuni, da hantsi, aka bugo mini waya cewa Allah ya karɓi ran Hajiya Raƙiya mai kamara, bayan jinyar da ta gajiyar da ita ƙwarai. Na Allah muke, kuma wurinsa za mu koma.

Yaya Raƙiya, ke ce kike shiga inda namiji ba ya shiga. Wankan amarya, ƙunshi, kiɗan ƙwarya ranar suna, mata sun yar da mayafi suna rawa, ke kuwa kamara na kafaɗarki. Daga Tawa har Takanamat babu maigidan da ya taɓa hana ki shiga, domin an san kaset ba ya barin ɗakinki sai a hannun mai shi. Yawancinmu ma wurinki muka bar namu ajiya.

Da aka sauya tele zuwa sabon tsari, kowa ya ruga sayen dikodar, akwatin kamo tashoshi, manyeto mai cin kaset ya koma wurin ɗora kwanuka. Ke kika ƙi rabuwa da naki. Kika riƙe tsohon telenki mai ƙusumbi, kika zauna da wayoyin nan, ja da fara da rawaya, kina ta gwadawa har hoton dikodar ya bi ta cikin manyeto ya fito. Da haka kika ci gaba da ɗaukar wa tsofaffi wa'azin da ya wuce su. Duk mai zubar da nasa manyeton sai ki karɓa, saboda kayan gyara. Na ce miki ɗakinki ya zama bola. Kika yi dariya kika ce, "Bari ya zama, ƙanwata. Shi kaset ba a tura ma kowa shi ta waya."

Ba zan manta da Kadidiya ta Tebaram ba, da ta zo bayan rasuwar mahaifiyarta. Kika sa mata kaset ɗin aurenta, tsohuwar na ciki tana guɗa. Kika ja mata ƙofa, kika tafi hura wuta, ba ki leƙo ba sai da ta gama kukanta.

Ga abin da ya sa nake rubutu da zafin rai. Ba a yi sadakar uku ba, ƙanenki Arzika ya shigo da buhu yana loda kaset. Wai zai kai wa samarin kasuwa su juye a katin waya, kada tarihi ya ɓace. Na tare ƙofa na ce, "Malam Arzika, cikin buhun ga akwai matarka ba ɗankwali. Da ita za a fara?" Ya ajiye buhun, amma ya ce bayan arba'in magada za su zauna, kayan ɗakin nasu ne. Na gaji, Yaya. Ba ni da ƙarfin tsayawa bakin ƙofar nan kullum.

Saboda haka duk macen da ke da kaset a ɗakin marigayiya ta zo ta ɗauki abinta kafin arba'in. Wadda ke nesa ta aiko ƴar'uwarta mace.

Allah ya jiƙan ki, ya rufa miki asiri kamar yadda kika rufa mana, ya haskaka kabarinki. Ina miƙa ta'aziyya ga ƴaƴanta da danginta, har da Malam Arzika. Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya, amin.