Maɗacin Goggo Hassu

Bana shekara tara ke nan da rasuwar Goggo Hassu, ƙanwar mahaifina, wadda ta riƙe ni a Matameye tun ina lakwal, wato makarantar boko. Har yau in damina ta kankama, masassarar sauro ta fara kwantar da yara, ita nake fara tunawa.

Akwai wani maɗaci a bakin gonarmu ta hanyar Ɗan Barto. Jikinsa take sassaƙa ta jiƙa wa masu masassara. Sai dai tana da ƙa'ida. Ba ta ɗibar abin da ya wuce faɗin tafin hannu, ba ta zagaye gindin da gatari, kuma tana gamawa sai ta kwaɓa laka ta shafe wurin. Na taɓa tambayarta dalili, ta ce, "Kai Sani, in gwiwarka ta saluɓe, a buɗe za ka yi ta yawo da ita?" In kuwa aka kawo mata yaron da ya fara shiɗewa, ko ƙwarya ba ta taɓawa. "Wannan ba nawa ba ne, ku ruga gidan likita."

Yanzu ina ji a rediyo masana na binciken sinadaran itatuwa, ko za su kashe ƙwayoyin cutar da ke shiga jini. Wani lokotoro na gidan likita ma ya gaya mini ƙwayar masassarar da suke bayarwa asalinta ganye ne. Ni karatuna bai kai in ce jiƙon Goggo na warkarwa ko ba ya warkarwa ba, kuma ina tsoron wani ya karanta wannan ya ƙi kai ɗansa likita. Amma na san da tana raye za ta yi murna, sannan ta tambaya ko masu binciken suna shafa laka.

Abin da zai ɓata mata rai shi ne buhunan sassaƙe da ake jibgewa ranar kasuwa. Bara na tarar an feɗe maɗacinta kusan ko'ina, saura ɗan siririn ɓawo ta gabas. In aka cire wannan, itacen ya mutu. Na shafe shi da laka, na kewaye da ƙaya, na dinga zarya har mai ɗakina Rabi ta ce, "Malam, itace ne fa, ba jinjiri ba."

Makon jiya na hango an ja ƙayar gefe. Na nufi wurin da sauri. Da na matsa, ɓawon gabas yana nan. Can sama, a jikin wani reshe, wani ya sassaƙa faɗin tafin hannu, ya shafe da laka, ba ta ma gama bushewa ba.

Ban san ko wane ne ba. Goggo ba ta bar ɗa ba, ba ta bar gida ba, amma akwai wanda ya ga yadda take yi, kuma bai manta ba. Allah Ya jiƙanta da rahama.